Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya (TEKAN)

Ya ku iyayenmu,

Tun da yake Annabi Ishaya ya umarci Sarki Hezekiya da ya kimtsa gidansa yayin da ajali ya kusanto, bai dace ba a ce tsofaffinmu, waɗanda rauni ya hana su halartar sujada, suna jiran ranar tafiyarsu babu mai kai musu Jibin Ubangiji har ɗaki, babu mai karanta musu Zabura da Hausar Littafi Mai Tsarki na 1932 wadda kunnensu ya saba da ita. Da yawansu kan rasu ba wasiyya, ba sulhu da dangi, har rabon gado ya watsa zuriya.

Muna roƙonku, don Allah, ku wajabta wa fastoci ziyartar tsofaffin nan tun suna cikin hayyacinsu.

Naku cikin Almasihu,
Wani ɗan ikilisiya