Wasiƙa ga masu koyar da ɗaga ƙarfe a Mai Wurno da kewaye

Ƙorafi gare ni kan yadda kuke sallamar dattijo idan ya leƙo wurin atisayenku: "Baba, wannan ai na yara ne." Alhali ya fi yaran buƙata. Tsoka kan fara zagwanyewa tun an wuce shekara 30, ta ƙara sauri bayan 60. A 1990, a Boston ta Amurka, likita Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma 'yan shekara 86 zuwa 96 ɗaga nauyi da ƙafa. Cikin mako takwas ƙarfin cinyoyinsu ya ninka fiye da biyu.

Amma kada ku miƙa wa dattijo sandar ƙarfen nan mai kilo 20 ranar farko. Ku fara da sandar kiwo a kafaɗa, ya zauna bakin gadon angarib ya miƙe, sau biyar, ya huta. In kuwa ƙarfenku irin namu ne na gida, bututun ruwa da siminti cikin gwangwanin madara, ku kai wa mai sikeli a kasuwa ya auna. Da wuya gefen biyu su zo ɗaya, kuma kafaɗar tsoho ba ta yafe wannan.

Wanda zai ba ku wahala shi ne manomin da ya shekara arba'in yana sungumar buhun dawa a gonakin bakin kogi. Zai ce ya iya, ya lanƙwasa gadon baya ya fizga. Ku ɗora ƙarfen kan bulo biyu, ya matso da shi jikin ƙaurinsa, baya a miƙe, ƙafafu su yi aikin. Ku tambaye shi hawan jini tukuna. Mai shi ya ga likita, kuma kada ya riƙe numfashi yana nishi.

Kwana biyu a mako ya isa, shi ne ma mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Bayan Asuba, kafin rana ta buɗe. Wanda ya dawo daga gudun hijira a rame, ya fara murmurewa da waken ful, gyaɗa da kifi.

Ma'auninku kada ya zama kilo. Ku duba ko Baba yana tashi daga sujada ba tare da dafa bango ba. Iyayenmu mata ma, waɗanda ƙashinsu ya fi saurin rauni, don Allah ku ware musu lokaci, da mace mai koya musu.