Mota Tana Gargaɗi, Kwamfuta Ba Ta Yi

Ƴan'uwa, ni dai na fi yarda da mota bisa kwamfuta.

Mota ba ta cika mutuwa babu gargaɗi ba. Sai ta yi tari, ta yi hayaƙi, birki ya yi kuka. Direba mai kunne ya ji, ya tsaya. Ku dubi Peugeot 504: tun 1968 aka soma ƙera ta, makanikan tasha sun san cikinta sarai.

Kwamfuta fa? Wajen lissafi ta fi mu sauri. Amma zafi, ƙura ko ɗaukewar wuta suna iya kashe ta farat ɗaya. Bara tawa ta mutu, ta tafi da sunayen ɗalibaina duka.

Gaskiya ne, mota in ta lalace bisa hanya tana iya cin rai. Don haka a duba birki kafin tafiya. Abin da ke cikin kwamfuta kuma, in mai muhimmanci ne, a rubuta shi a takarda, a ajiye.