Matatar Ruwan Ƙazanta Da Haƙƙin Maƙwabta: Rigimar Harlem

A watan Disamba na shekarar 2022 Gwamnar Jihar New York ta ƙasar Amurka, Kathy Hochul, ta sa hannu a kan wata doka wadda ta wajabta wa hukumomin jihar su duba irin nauyin ƙazantar da wata unguwa ta riga ta ɗauka, kafin su ba da iznin kafa wata ma'aikata mai gurɓata iska ko ruwa a cikinta. Maƙwabciyarta, Jihar New Jersey, ta riga ta kafa irin wannan doka tun 2020, har ma ta ambaci manyan matatun ruwan ƙazanta a cikin wuraren da dokar ta shafa, watau duk wadda ke iya tace fiye da galan miliyan 50 a rana. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka yi ta faman ganin an kafa dokar ta New York, rigima a kan wata matata ce ta haife ta, kuma labarin wannan rigima ya cancanci duk wani ma'aikacin hukuma mai hannu a tsarin gari ya san shi.

Sunan matatar North River. Tana bakin kogin Hudson a tsibirin Manhattan, tsakanin titi na 137 da na 145, daura da unguwar Harlem ta Yamma. Babu mai musun cewa birnin yana bukatarta, domin kafin 1986 duk abin da ya fito daga bayan gida da wuraren wanka da wanke-wanke na yammacin tsibirin, kai tsaye yake kwarara cikin kogi ba tare da an tace shi ba. An tsara ta yadda za ta iya karɓar galan miliyan 170 a kowace rana in babu ruwan sama, kuma tun da ta fara aiki ruwan kogin ya gyaru ƙwarai. Amfaninta ya game dubban ɗaruruwan mutane. Warinta kuwa a kan unguwa guda ya tare.

Da farko ba a Harlem aka yi niyyar gina ta ba. Wurin da aka fara tsayarwa yana kusa da titi na 72, can kudu, inda mafi yawan mazauna Turawa ne masu hali. A farkon shekarun 1960 aka sake shawara, aka mai da aikin arewa, inda mafi yawan mazauna baƙaƙen fata ne da 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka masu ƙaramin ƙarfi. Dalilin da jami'ai suka bayar shi ne wurin farko ya yi ƙanƙanta. Ko da a ce dalilin gaskiya ne, yadda aka zartar da shawarar ya ɓata shi, don kuwa mutanen Harlem ba su sami cikakken labari ba sai wajen ƙarshen shekarun 1960, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ga shi kuma unguwar ba ta rasa nata kayan ba tun can: mafi yawan garejin manyan motocin safa na Manhattan a arewacin tsibirin suke, a lokacin akwai tashar loda shara a jiragen ruwa a titi na 135, ga babbar hanyar mota ta bi ta gefen kogi. Wanda aka ɗora wa wannan duka, in aka ce masa ƙarancin fili ne ya kawo masa matata, da wuya ya gaskata.

Da mutane suka tayar da ƙayar baya, sai gwamnatin jiha ta yi alkawarin gina filin shaƙatawa a kan rufin matatar. Aka fara gini a 1972, a kan wani makeken dandamali na kankare mai faɗin eka 28, wanda ke tsaye a kan ginshiƙai wajen 2,300 da aka kafa cikin dutsen ƙarƙashin kogi. Aikin ya ci fiye da dala miliyan dubu ɗaya. A 1986 aka buɗe matakin farko na tacewa, ba a jima ba wari ya cika unguwa.

Ya kamata a fahimci inda warin ke fitowa, domin a nan ne ake gane ko laifin injiniya ne ko na mai riƙe da asusu. Idan ruwan ƙazanta ya kwanta ba iska a cikinsa, wasu ƙwayoyin halitta sukan ci abin da ke ciki su fitar da wata iska da ake kira haidirojin salfaid, mai warin baragurbi. Hancin ɗan Adam yana jin ta ko da ɗan mitsitsi ne a cikin iska, tun kafin ta kai yawan da zai kayar da mutum. Takan tashi a inda ruwan ke zuba da ƙarfi, da tankunan da ake barin ƙazanta ta kwanta, da wurin da ake sarrafa lakar da ta taru a ƙasa, kuma abin yakan tsananta lokacin zafi. Maganinta sananne ne tun da daɗewa: a rufe tankuna, a zuƙe iskar da manyan fankoki, a bi da ita ta cikin ruwan magani ko wani gawayi na musamman mai kama wari, a kuma kwashe laka kafin ta ruɓe. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi yake ci kullum. Gawayin yakan ƙoshi a sake shi, fanka takan lalace, kuma irin wannan kashe kuɗi shi ake fara yankewa in kasafi ya matse, tun da ba a yi masa bikin buɗewa.

Mazauna Harlem suka riƙa kukan ciwon kai da ƙaiƙayin ido da tashin zuciya, iyayen yara masu fuka suka ce ciwon yana ƙara tashi, mutane da yawa suka daina buɗe tagoginsu ko da ana zafi. Koke-koken da aka kai ba su sami kunnen kirki ba da farko. A watan Janairu na 1988, ranar tunawa da Martin Luther King, wasu mutanen unguwar suka sa abin rufe hanci irin na yaƙi, suka tare babbar hanyar da ta wuce gaban matatar da sassafe, daidai lokacin tafiya aiki. Aka kama bakwai daga cikinsu, har da Peggy Shepard, da Chuck Sutton, da David Paterson, wanda a lokacin ɗan majalisar dattawan jiha ne, daga baya kuma ya zama gwamna a 2008. A cikin wannan shekara ta 1988 Shepard da Sutton da Vernice Miller suka kafa ƙungiyar West Harlem Environmental Action, wadda aka fi sani da WE ACT.

Zanga-zangar ta jawo hankalin jaridu, amma ba ta rufe tanki ko guda ba. Abubuwa biyu ne suka motsa hukuma. Na farko shi ne bincike: David Dinkins, sa'ad da yake shugaban gundumar Manhattan, ya sa masanin kimiyyar nan Barry Commoner ya duba yadda matatar ke aiki, don haka mutanen unguwa suka sami hujjar da ba daga bakin masu matatar ta fito ba. Na biyu shi ne kotu. A 1992 WE ACT da ƙungiyar kare muhalli ta NRDC, tare da wata makarantar renon yara da wasu mazauna unguwar, suka kai hukumar birni ƙara, suna cewa matatar ta zama abin cutar da maƙwabta. A lokacin Dinkins ya riga ya zama magajin gari, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami, wanda kuma siyasarsa a Harlem ta girma. Duk da haka sai da aka kai gwamnatinsa gaban alƙali.

An yi sulhu a ƙarshen Disamba na 1993, saura 'yan kwanaki Dinkins ya sauka. Birnin ya ɗauki nauyin aikin gyara na dala miliyan 55 don kashe warin, aka kuma ware dala miliyan 1.1 a wani asusu na lafiya da muhallin unguwar. Kuɗin asusun, in aka gwada da abin da ginin ya ci, ko cikin cokali bai kai ba. Sashen da ya fi nauyi a yarjejeniyar shi ne wanda ya ba masu ƙara ikon sa ido a kan aikin gyaran, da ikon komawa kotu in hukuma ta yi sanyin jiki. Alkawarin magajin gari yana iya tafiya tare da shi ranar da ya bar ofis, kuma lalle wanda ya gaje shi ɗan wata jam'iyya ne dabam. Takardar da kotu ta amince da ita kuwa tana ɗaure duk wanda ya hau kujerar.

Filin shaƙatawar da aka yi alkawari, Riverbank State Park, an buɗe shi a 1993, shekara bakwai bayan fara aikin matatar. Yana da wurin iyo, da filayen wasanni, da zauren wasan kwaikwayo, kuma mutanen unguwar suna cika shi. Ba za a ce kyautar banza ba ce. Amma akwai kuskure a tunanin da ya haife shi, watau zaton cewa in an ba mutane wani abin alheri za su haƙura da abin da ke shiga hancinsu dare da rana. Shekarun da suka shige tsakanin 1986 da 1993 sun nuna ba haka abin yake ba, kuma da an sa kuɗin rufe tankuna a cikin tsarin farko, da ba a biya shi daga baya tare da kuɗin lauyoyi ba.

Warin ya ragu ƙwarai bayan gyaran, ko da yake zama kusa da irin wannan wuri bai taɓa zama babu hatsari ba. A watan Yuli na 2011, ana tsakiyar wani matsanancin zafi, gobara ta tashi a ɗakin injunan matatar. Aka kwashe mutane daga filin shaƙatawar da ke sama, aikin tacewa ya tsaya, ɗanyen ruwan ƙazanta ya yi ta kwarara cikin kogi kusan kwana uku, har aka hana mutane wanka a wasu wuraren bakin teku na birnin.

Sababbin dokokin New Jersey da New York sun ɗauki darasi guda daga irin wannan tarihi, suka mai da shi sharaɗi: a saurari mutanen unguwa, a kuma lissafa abin da suka riga suka ɗauka, tun ana kan takarda. Ga unguwar da ba a riga an zuba mata kankare ba, wannan kariya ce babba. Ga Harlem ta Yamma kuwa ta zo a makare da shekara sittin, domin babu dokar da za ta ɗauke ginin eka 28 daga kan ginshiƙansa. Abin da ya rage wa mazauna can shi ne bin diddigin kasafin gyare-gyare na kowace shekara, da na'urorin auna iska, da sabunta iznin aiki na matatar duk lokacin da wa'adinsa ya cika.