Gulbin Maradi tsakanin madatsu biyu: labari ya riga ruwa isowa

Da zarar watan Agusta ya kama, hadari ya riƙa haɗuwa daga gabas, tambaya guda ke yawo a garuruwan bakin Gulbin Maradi, tun daga Madarunfa har Gidan Rumji: "An saki ruwan Jibiya?" Tambayar takan zo ta saƙon murya a WhatsApp ko ta bakin direban da ya dawo daga iyaka, amsar ma ta nan take biyowa. Wani ya ce an buɗe, wani ya ce ƙarya ne. Ɗan uwa da ke Agadas ko Libiya ko Abijan ya bugo waya hankali tashe, na gida ba su da tabbacin da za su ba shi. Abin da ya shafi rai da gona da rumbu bai kamata a bar shi a hannun jita-jita ba, shi ya sa yau muka ga ya dace mu zauna mu duba lamarin tun daga tushe.

Daga ina gulbin yake, ina ya nufa?

Gulbinmu ɗan ƙasa biyu ne. A jihar Katsina ta Najeriya yake tasowa, can ana kiransa kogin Gada. Ya ƙetaro iyaka ya shigo jahar Maradi, ya bi ta yankin Madarunfa, ya wuce gefen birnin Maradi, Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya lanƙwasa ya koma Najeriya ya faɗa kogin Rima a ƙasar Sakkwato.

A samanmu akwai madatsar ruwa ta Jibiya, wadda aka gina wajen 1989, mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 142. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ke nan, wato ganga biyar masu cin lita 200. A ƙasanmu kuma, kan kogin Rima, akwai madatsar Goronyo, wadda ta ninka ta Jibiya fiye da sau shida, da kimanin mita kubik miliyan 942. Ke nan muna zaune tsakanin madatsu biyu, kuma babu makullin ko ɗaya a hannunmu.

Tsaka mai wuyar mai kula da madatsa

Madatsa kamar randa ce da ake so ta yi aiki biyu masu karo da juna. Manomin rani yana so a cika ta maƙil kafin damina ta ɗauke, don a samu ruwan ban ruwa da na sha har zuwa bazara. Wanda ke zaune a ƙasan madatsa kuwa yana so a bar wuri a cikinta, ta yadda idan babban ruwa ya sauka cikin dare za ta haɗiye shi, a riƙa sakinsa sannu a hankali. Randar da ta riga ta cika ba ta da kariyar da za ta ba kowa: duk abin da ya shiga sai ya fita, ko ta ƙofofin da aka buɗe, ko ta makwararar da aka tanada don rarar ruwa, ko kuma, Allah Ya kiyaye, ta jikin ginin kansa.

Madatsar Goronyo ta nuna mana fuskokin biyu. A farkon Satumba 2010 ta cika har aka ji tsoron ta fashe, aka buɗe ƙofofi, ruwa ya shafe ƙauyuka da gonaki masu yawa a jihar Sakkwato. Shekara takwas bayan haka, a 2018, wannan madatsa ɗin dai ruwanta ya ja baya har ya koma wajen kashi 10 cikin 100, aka shiga fargabar ƙarancin ruwan sha a Sakkwato. Ma'aikacin da ya ga shekarar fari zai ji tsoron sakin ruwa da wuri. Wanda ya jinkirta kuma, idan sama ta buɗe a ƙarshen Agusta, sai ya saki na kwana goma cikin kwana ɗaya. Maganin wannan tsaka mai wuya shi ne ƙa'ida a rubuce: a kowane mako na damina ga iyakar da ruwa ba zai wuce ba, idan ya kai nan a fara ragewa kaɗan-kaɗan, a kuma sanar da na ƙasa kafin a taɓa ƙofa.

Abin da ya faru a Maiduguri ya ƙara mana darasi. A daren 9 zuwa 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin mutane suna barci, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Madatsar ta taɓa jawo irin wannan ambaliya a 1994. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma ɓarawon da ba a gani, wato yashi da laka. Kowace damina koramu na kwaso ƙasa daga gonakin da aka sare wa itatuwa su zuba cikin madatsa. Adadin da aka rubuta ranar buɗe ta yana nan a takarda, amma cikinta na ƙanƙancewa kowace shekara. Manoman Birnin Konni sun san wannan sarai, don madatsun Mozage da Zango da ke kan Maggiya, waɗanda ke shayar da filin noman rani na Konni, sun daɗe suna fama da cikewa. Madatsar da yashi ya cinye wa ciki takan cika da wuri a damina, ta ƙafe da wuri a rani.

Ba duk ruwa ne na Jibiya ba

Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta. Yawancin ɓarnar da muka gani a ƴan shekarun nan ruwan sama ne da ya sauka a kanmu. A ƙarshen Agusta 2024 birnin Maradi ya samu ruwa wajen milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, aka rasa rayuka aƙalla 15. Milimita 150 a kan hekta guda lita miliyan ɗaya da rabi ke nan, ganga 7,500. Ku lissafa faɗin birnin, ku tuna da magudanan da leda ta toshe. A wannan damina ta 2024 Nijar ta rasa kusan mutum 400, fiye da miliyan ɗaya da rabi suka shiga halin ni-ƴasu, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Babu ƙofar madatsar da za a ɗora wa wannan.

Ita ma ambaliyar garin Jibiya ta Yuli 2018, wadda ta kashe mutum fiye da 40, ruwan sama ne na dare ɗaya. Amma ta nuna yadda gulbi ya ɗaure mu wuri guda, tunda har a ɓangarenmu na iyaka aka tsinci gawarwakin wasu daga cikin waɗanda ruwa ya tafi da su.

Kada kuma mu manta cewa muna buƙatar gulbin ya kawo. Cikarsa ce ke shayar da fadamu, ta ɗaga ruwan rijiyoyin masu lambu, ta ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa da filin noman Jiratawa ke dogaro da shi. Manoman kwarin sun daɗe suna kukan cewa ruwan ya ragu tun da aka datse shi a sama. Saboda haka buƙatarmu biyu ce: kada a hana mu ruwa lokacin da muke nemansa, kada kuma a sako mana shi gaba ɗaya ba sallama.

Takarda tana nan, aiki ya rage

Ba sabuwar yarjejeniya muke nema ba. Tun 1971 Nijar da Najeriya ke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. A 1990 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, wadda ta ambaci koguna huɗu: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maradi, Tagwai da El Fadama, da ƙasan Komadugu Yobe. Ta tanadi musayar bayanai da tuntuɓar juna. Kuma nauyin a kan kowa yake: a Gulbin Maradi mu ne a ƙasa, amma a Maggiya mu ne a sama, ruwanmu ke gangarawa Najeriya. Abin da muke so a yi mana a Jibiya, shi ya kamata mu yi wa maƙwabta daga Mozage da Zango.

Kowa ya san dangantaka ta yi sanyi tun Yuli 2023, aka rufe iyaka na wani lokaci, Nijar ta fice daga CEDEAO. A Afrilu 2025 ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu sun gana a Yamai, suka yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar. To, ga wurin da za a fara gwada niyya, kuma ba ya cin kuɗi. Ƙasashen da ke shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maradi ta Jibiya ba za su kasa aika wa juna lambar tsayin ruwa kowace safiya ba.

A Yamai an riga an saba da irin wannan tsari kan kogin Isa: santimita 530 alamar rawaya, 580 ruwan lemo, 620 ja. A Satumba 2020 kogin ya kai wajen santimita 700. Gulbin Maradi ma yana da wurin awo a Nielloua, kusa da iyaka. Me zai hana a sa masa nasa alamomin, a riƙa ba gidajen rediyo lambar da Hausa, tun daga Yuli har ƙarshen Satumba?

Abin da muke kira a yi

Ga hukumomi: a samu layin waya kai tsaye tsakanin masu kula da madatsar Jibiya da ma'aikatar ruwa ta jahar Maradi, da sunan wanda zai kira da wanda zai ɗauka, dare ko rana. Daga nan saƙo ya sauka ga magadan gari, masu gari, rediyo da lasifikar masallaci, a faɗi abu uku a sarari: ruwa na zuwa, ga lokacin da ake sa ran isowarsa, ga tudun da za a nufa. Idan babu komai ma a faɗa, don shirun hukuma shi ke ciyar da jita-jita.

Ga mu mazauna kwari: dattawa sun san cewa a 1945 gulbi ya cinye tsohon garin Maradi, dalilin da ya sa aka hau tudun da birnin yake a yau. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Kada shekarun da gulbi ya yi shiru su ruɗe mu mu kafa gida ko rumbu a kan hanyar. Kowane gari ya san tudunsa tun yanzu, a san tsofaffi da masu jego da za a fara ɗauka, takardu da iri a ajiye su sama. Yara su bar wanka da kiwo a cikin gulbi ko da sama ta yi garau, don ruwan da ya sauka a Katsina jiya yana iya isowa yau.

Ga ƴan uwa da ke ƙetare: kafin ku tura saƙon murya cewa madatsa ta fashe, ku tambayi wanda ya faɗa da ranar da aka faɗa. Tsohon bidiyo na iya tada gari cikin dare a banza, gobe kuma idan gargaɗin gaskiya ya zo a ƙi tashi. Idan za ku aiko da taimako, na watan Yuni da za a yashe magudana a ɗaga dandamalin ɗaki ya fi na Satumba amfani.

Ruwan sama na Allah ne, ba mai tsayar da shi. Amma awoyin da ke tsakanin Jibiya da ƙofar gidanmu suna hannun mutane, kuma su ne ke raba wanda ya fita da iyalinsa da wanda ruwa ya tarar a kan tabarma. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu da sharrinta.