Dabarar Sarkin Musulmi Bello Ta Tsaron Ƙasa

Shekara goma da ɗoriya ke nan babu maganar da ta fi damun mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu kamar ta tsaron rai da dukiya. Manomi ya bar gonarsa ta nesa, makiyayi ya rasa garkensa, har a watan Satumba na 1923 da shekara ɗari a kai, watau 2023, aka kwashe ɗaliban jami'a daga masaukinsu a Sabon Gida. Wasu suna cewa a ƙaro soja, wasu suna cewa a yi sulhu. Mu a ganinmu, kafin a tsai da shawara ya kamata a waiwayi baya, gama wannan ƙasa ta taɓa shiga irin wannan hali, kuma an taɓa samun shugaba wanda ya zauna ya yi mata tunani.

Garuruwan nan uku duk tarihinsu na sarauta yana da alaƙa da jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804. Da Muhammadu Bello ya ci 'Yandoto, tsohon garin malamai, masu sarautarta suka tashi, daga baya suka zauna Tsafe, shi ya sa har yau 'Yandoto a ke ce wa sarkin Tsafe. Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau cikin ƙasar da a da ta ke yammacin Katsina, sabo da haka mai sarautar garin ya zama Sarkin Katsinan Gusau. Na Bunguɗu kuwa Sarkin Fulani ne. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Amma fa cin gari daban, riƙonsa daban. Gobirawa ba su sallama ba, Katsinawan da suka koma Maraɗi kuma suka riƙa ɓullowa ta cikin daji suna kai hari, suna kama mutane da dabbobi.

Sa'ad da Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya tarad da al'adar yaƙi ita ce a tara runduna bayan kaka, a tafi a yi karo, kowa ya koma gida kafin ruwa ya sauka. Ya ga wannan ba ya tsare talaka, domin mahari ba ya jiran rani. Sai ya ɗauki dabarar ribaɗi, watau gina garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu. Mayaƙa suka zauna can da iyalinsu, suna noma suna tsaro. Aka sa musu liman da alƙali da malamin karatu. Fulani makiyaya kuma aka jawo su su zauna kusa da gari, su sa 'ya'yansu karatu, su yi kiwon dawakin da runduna ke bukata. Shi da kansa bai kwanta cikin Sakkwato ya aiki wasu ba. Ya zauna ribaɗinsa na Wurno, daga wajen ya fita ya ci nasara a Gawakuke a 1836, a Wurno ɗin kuma ya rasu a 1837, can kabarinsa ya ke.

Har wa yau, cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Bello ya lissafa wa mai mulki aikinsa: ya kula da manoma da maƙera da marina da mahauta da sauran masu sana'a, ya ga kowane gari ya sami nasa, ya gina ganuwa, ya gyara kasuwa da hanya. Ba mu ce hare-hare sun ƙare da wannan ba, don mutanen Maraɗi sun ci gaba da kawo farmaki shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Abin da muka ce shi ne, ƙasa ba ta zama kufai ba. Garuruwa sun tsaya da ƙafafunsu, har jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya sami jama'a da auduga da gyaɗar da zai ɗauka.

Kada a zaci wannan hikima ta ƙasarmu ce kaɗai. A ƙasar Japan, cikin zamanin da kowane mai ƙarfi ya ke yaƙin maƙwabcinsa, an yi wani sarkin yaƙi mai suna Oda Nobunaga, wanda ya rayu daga 1534 zuwa 1582. An fi tunawa da shi sabo da yaƙin Nagashino na 1575, inda ya jera 'yan bindiga bayan shinge suka karya rundunar gidan Takeda. Amma aikinsa da ya fi daɗewa wani ne. Ya rushe shingayen karɓar kuɗin hanya a ƙasashen da ya mallaka. A 1576 ya fara gina birnin Azuci, ya umurci mayaƙansa su tare a gindinsa, a 1577 kuma ya saki kasuwar garin, kowa ya saya ya sayar ba tare da ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun tare masa hanya ba. Magajinsa Hideyoshi ya sa aka auna gonaki aka rubuta sunan mai noma kowace, sa'an nan a 1588 ya ba da umurni a karɓe makamai daga hannun talakawa. Nobunaga mutum ne mai zub da jini, shi ya ƙone gidajen ibada na dutsen Hiei a 1571, ƙarshensa kuma wani hafsansa ne ya ci amanarsa. Wannan ba abin koyi ba ne. Abin lura shi ne jerin aikin: aka tsare hanya, aka raya kasuwa, aka tabbatar wa manomi gonarsa, sa'an nan aka ce ya kawo takobinsa.

To, mu auna namu da wannan ma'auni. A 2021 Gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse wayar salula, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da labari. Niyya kyakkyawa ce, amma mai tallar tumaki da mai awon hatsi su suka fara jin jiki. A watan Janairu na 2024 aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Wannan ya yi kusa da dabarar ribaɗi, tun da 'yan ƙasa ne ke tsaron ƙasarsu. Sai dai ribaɗin Bello yana da alƙali a ciki. Mai makami wanda babu shari'a a kansa, gobe shi ne abin tsoro.

Wani zai ce zamani ya sake, ganuwar ƙasa ba ta tare bindigar yau. Gaskiya ne, mu ma ba mu ce a koma haƙa gwalalo ba. Abin da mu ke roƙo uku ne. Na farko, ma'aikatan tsaro su zauna dindindin cikin ƙauyukan bakin daji na Tsafe da Bunguɗu, maimakon su zo bayan ɓarna su koma. Na biyu, duk inda aka sa su a buɗe kotu da makaranta da kasuwa tare. Na uku, a fito da burtali da mashaya, a rubuta su, yadda makiyayi da manomi kowa zai san iyakarsa. In an yi haka, ranar da za a ce kowa ya ajiye makami, maganar za ta sami masu ji.

Ku malaman ofis, rabin wannan aiki a kan teburinku ya ke. Takardar gona da aka ɓoye, da ƙarar da aka ajiye sai an ga abin goro, su ke haifar da gaba wadda soja ba ya iya kashewa. Ku malaman makaranta kuma, ku koya wa yara tarihin 'Yandoto da Wurno da Gawakuke, su san kakanninsu sun ga wuya sun kuma yi dabara. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.