Ruwan Ɗufana Ba Ya Buƙatar Shaidar Zur



Wani hoto yana ta yawo a wayoyinmu, wai jirgin Annabi Nuhu (AS) ne aka gano a Turkiyya, har da cewa duk wanda bai yaɗa ba imaninsa da sauran gyara. Ni dai ina cewa wannan ganganci ne. Wurin sunansa Durupinar, an hango shi ta hoton jirgin sama a 1959, kuma masana duwatsu da suka bincika sun ce tudu ne kawai mai siffar jirgi.

Mun gaskata Ɗufana domin Alƙur'ani ya faɗa. Suratu Hud, aya ta 44, ta ambaci dutsen Judiyyu, amma ba ta faɗi shekara ba, kuma malamai sun yi saɓani ko ruwan ya game duniya ko ƙasar mutanen Nuhu kaɗai ya cinye. To wa ya ɗora mana jingina kowane dutse ga ambaliya? Ga duwatsun Riruwai nan a Doguwa: masana sun ce aman wuta ne ya samar da su, shekaru fiye da miliyan 150 da suka wuce.

Haɗarin a nan yake: yaron da ka gina imaninsa kan hoto, ranar da malamin jami'a ya rushe hoton, da me zai tsaya? Ku bincika kafin ku tura. Wallahu a'alam.