Tambarin Halal Ba Ya Rage Gishiri

Idan kun shiga kantunan Klemat ko na wajen Babbar Kasuwa, za ku ga sosis na leda jere cikin firji, ga naman gwangwani a kan kanta. Da yawansu suna ɗauke da tambarin "halal". Iyaye mata sukan tambaye mu a ɗakin magani ko mai tambarin nan ya fi wa yara lafiya. Amsata ita ce a'a. Tambarin yana gaya muku yadda aka yanka dabbar, kuma wannan hakkin mai saye ne ya sani. Abin da aka zuba a naman bayan yanka, wannan wata magana ce dabam.

Ba mu kaɗai muke wannan zato ba. A Amurka, Yahudawa suna da abincin da dokar addininsu ta yarda da shi, suna ce masa "kosha". Sosis ɗin kosha, irin na kamfanin Hebrew National, har waɗanda ba Yahudawa ba suna sayensa don suna ganin ya fi tsabta. Gaskiya ne babu naman alade a ciki, an yanka dabbar bisa ƙa'ida, an fitar da jini. Amma bayan haka niƙa naman ake yi tare da kitse, a zuba gishiri da sinadarin naitirait mai hana ruɓewa, kamar kowane sosis. Na halal ma haka ake yinsa.

A watan Oktoba na 2015, sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ya sa naman da aka sarrafa cikin abubuwan da ke jawo cutar daji ta babban hanji. Wanda yake cin giram 50 kullum, wato kamar sosis guda, haɗarinsa yana ƙaruwa da kusan kashi 18 cikin 100 bisa na wanda ba ya ci. Ba ana nufin mutum 18 cikin 100 za su kamu ba, kada ku firgita. Amma hukumar ba ta ware na halal ko na kosha ba. Busasshen nama mai gishiri irin kilishinmu ma yana cikin lissafin.

Abin da ya fi damuna a wurin aiki shi ne gishiri. Hukumar ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Sosis guda yakan kai giram 1 ko fiye. Mutum ya ci uku da burodi da safe, da rana ga miya mai dunƙulen magi, kafin dare ya wuce iyaka. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Sau da yawa sai ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta lalace ake gane yana nan.

Ga kuma zafinmu. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, wuta tana ɗaukewa, firji ya narke ya sake daskarewa. Tambari ba ya hana irin wannan nama lalacewa.

Saboda haka, idan za ku saya:

Ku juya ledar ku duba yawan "sel" ko "sodium", da ranar da zai lalace. Wanda bai iya karatu ba, ya sa ɗan makaranta ya duba masa.

Kada ku ɗauki gwangwanin da ya kumbura, ko ledar da ta yi ruwa ko yauƙi.

Ku dafa shi ya yi zafi har ciki, musamman ga mai juna biyu da ƙananan yara.

Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su bar shi gaba ɗaya.

Allah ya wadata ƙasarmu da dabbobi. Ga sabon nama daga mayankar Farsha, ga kifin kogin Shari, ga wake da ƙwai da gyaɗa. Waɗannan, ke uwargida, ke ce mai auna gishirinsu da hannunki. Sosis ya zama na marmari, sau ɗaya jifa-jifa. Kuma duk wanda ya girma, ya zo a auna masa jini ko da ba ya jin ciwon komai. Allah ya ƙara mana lafiya.